Yatsan Umma

"Ba zan ba ki ba," in ji Dogo.

Ya turo min fankon katin maganin ta kan kanta da yatsa ɗaya.

"Ba ni zan sha ba. Umma ce ta aiko ni."

"Na sani. Shi ya sa."

Dogo shi ne mai kemis ɗin bakin titinmu, kuma shi zan aura. An riga an sa rana. Lokacin da na dawo daga karatu a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi, zafin gida ya hana ni sakat, sai na riƙa shiga shagonsa ina tsayawa ƙarƙashin fanka kamar mai karanta rubutun jikin kwalabe. Ya zuba min ido har ya gaji, sannan wata rana ya ajiye min kujera. Tun daga nan yake ce min 'Yar Sanyi.

Ranar nan bai ajiye min kujera ba.

"Ina takardar likita?" ya tambaya.

"Ta ɓata. Bayanta ke ciwo, ai ka sani. Tun aikin da aka yi mata."

"Aikin nan ya warke tun kina can." Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "'Yar Sanyi, ba ke ce ta farko daga gidanku da ta kawo min katin nan ba."

"Me kake nufi?"

"Ba zan kama suna ba. Duk wanda ya zo, amsa ɗaya na ba shi. Da alama sun sami wani wurin."

"To faɗi abin da ke bakinka."

"Ke za ki faɗa min. Yaushe rabon da ki ga ta ci abinci ta ƙoshi? Ba ta gyangyaɗi a kan keken ɗinki da rana tsaka? In maganin ya ƙare, ba ta hamma, ba ta gumi, hancinta ba ya zuba kamar mai mura? In ya zo kuma, ba nan take take warkewa ba?"

Kowace tambaya na san amsarta. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Uwata kake kira 'yar ƙwaya?"

"Ban kira ta komai ba. Na ce ba ta da lafiya, kuma ba bayan ba ne."

"'Yan ƙwaya suna bayan tasha, Dogo. Uwata tana gida tana ɗinka rigar aurena."

"Yawancin masu kawo min irin katin nan daga gida suke fitowa, da wankakkun kaya."

Wata mata ta shigo da jariri a kafaɗa tana neman maganin zazzaɓi. Ya juya wurinta. Na ɗauki katina na fita. Bai kira ni ba, ni ma ban waiwaya ba.

Ɗakin ɗinkin Umma shi ne na farko in ka shigo gidanmu. Baƙin keke mai feda, teburin yanka, dutsen guga, sai dogon madubi da ya tsage a gefe. Da keken nan ta rene mu bayan rasuwar Abba: Yaya, Anti, da ni auta. Da shi na tafi karatu. Tun muna yara dokar ɗakin ɗaya ce, ba a taɓa farin yadi sai an wanke hannu. Umma ba ta taɓa ɓata wa kowa kaya ba, kuma ba ta gajiya da faɗin haka. Ba da ido take sanin yadi ba. Rufe ido take yi, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta ce maka wannan zai zuba, wannan zai tsuke in ya ji ruwa.

Na same ta zaune da farin yadin rigata a cinya, ba ta ɗinki. Ta rame. Tun ranar da na dawo na ga ramar, aka ce min shekaru ne, na yarda don ya fi sauƙi.

"Kin samo?"

"Ya ce sai da takardar likita."

"Takarda." Ta yi doguwar hamma har idonta ya kawo ruwa, ta goge hanci da bayan hannu. "Ni zai tambaya takarda? Yaron da zan ba 'yata?"

"Umma, doka ce..."

"Kin je can kin koyo bin doka. Ni ciwo nake ji, Auta. Kamar ana tsaga min ƙashi."

Ƙafarta tana ta rawa a kan feda, ga gumi yana bin wuyanta, fanka kuwa tana kanta.

"To mu je asibiti."

"Asibitin ne ya fara ba ni shi." Ta buga almakashi a kan tebur. "Tun bai aure ki ba ya fara nuna min iyakata. Ki gaya masa kada ya sake tako min gida. Wanda bai ji tausayin uwarki ba, ba zai ji naki ba."

Umman da na bari kafin in tafi ba ta ɗaga murya. Kallo ɗaya ya ishe ta.

Da yamma Yaya ya biyo daga gareji, hannunsa duk baƙin mai. Ya shiga gaishe ta ya tura ƙofa, abin da ban san shi da shi ba. Ba a jima ba ya fito, bai yarda mun haɗa ido ba. Kafin in gama wanke kwanoni sai na ji keke ya tashi.

"Autata," Umma ta kira. "Zo ki ga wuyan rigar nan."

Muryarta ta yi laushi. Gumin ya bushe, ƙafar ta daina rawa. Ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar kan fil. Ta shafa min kai.

"Me ya sami fuskarki? Wa ya taɓa min ke?"

"Maganar Dogo, Umma."

"Au, wannan. Ai mai sauƙi ce. Ya kawo min da hannunsa, ya ba ni haƙuri, a wuce wurin."

Ranar hutu Anti ta zo daga gidanta kamar yadda ta saba. Na jira Umma ta kwanta, na kira Yaya kicin, na ajiye fankon katin kusa da albasar da Anti ke yankawa.

"Wa ke saya mata wannan?"

Yaya ya sosa ƙeya.

"Ni ne. Ta ce kada in gaya muku, hankalinku zai tashi."

Anti ta ajiye wuƙa. "Kai kuma? Ni fa nake saya mata. Har rantsuwa ta sa na yi. Ta ce ni kaɗai ce mai tausayinta."

"Ni ta ce min bakinki ba ya riƙe magana."

"Ni kuwa ta ce kai ba ka san ciwon mace ba."

Suka juyo suna kallona.

"Ni kuma ta ce ni ce mai ilimin gidan," na ce. "Ni kaɗai zan gane."

Muka yi dariya mu uku, gajeriya, ta mutu da kanta. Kowa a cikinsu ya ɗauka abin da yake kawowa shi ne duk abin da take sha, kuma bai ga ya yi yawa ba. Anti ta tsaya tana haɗa nata da na Yaya a zuci. Na ga lokacin da amsar ta fito mata a fuska. Ta jawo kujera ta zauna.

"Sai an kai ta asibiti," na ce. "Akwai masu duba irin wannan."

"Irin wanne?" in ji Yaya. "Faɗi sunansa. Sashen masu shaye-shaye? Umma? Matan da take wa ɗinki su ji, dangin mijin wannan su ji, dangin naki mijin su ji?"

"Kashe ta muke yi, Yaya."

"Ke dai kin iya magana. Kin taɓa ganinta tana birgima a ƙasan ɗakin can, tana riƙe ƙafarki tana cewa ki taimake ta don Allah? Ba ki gani ba. Kina can kina aiko mana da hoto cikin ƙanƙara. Mu muka gani. Uwa ce. In ta ce kawo, kawowa ake yi."

Gaskiya ce, ban gani ba.

Ya sassauta. "A bari a gama bikinki. Mai kemis ɗin nan ya kawo kati ɗaya, ya durƙusa, shi ke nan. Bayan biki mu rage mata a hankali, mu ya mu, cikin rufin asiri."

Anti ta goge ido, ta ce albasa ce. "Kati ɗaya ne fa, Auta. In yana sonki..."

Washegari da safe na sami Dogo bai gama buɗe shago ba, yana jera kwalaye. Idonsa ya faɗa. Wannan karon ya jawo min kujera, ban zauna ba.

"Kati ɗaya," na ce. "Don ni."

Ya zauna a kan kujerar shi da kansa.

"Yana cikin durowar can, makullin yana aljihuna. Jiya na ɗauko shi na riƙe, na daɗe, na mayar."

"To sake ɗaukowa."

"In na kai mata, me na zama a gidanku? Surukin da ke kawowa. Bayan biki za ta aiko ki, ba ni da bakin cewa a'a, tunda na taɓa cewa to."

"To mu hana ta gaba ɗaya. Mu kwashe, mu ɓoye, kowa ya daina saye."

"A'a. Kada ku yanke mata a rana ɗaya. Jikinta ya saba, za ta sha wuya, kuma yana iya zama haɗari. Likita ne zai rage mata da tsari, yana dubata. Ba aikina ba ne, ba na Yaya ba ne."

"Yaya ya ce bayan biki."

"Bayan biki kuma za a ce bayan kin tare. Lokacin ya yi tun ranar da ta fara ɓoye muku. Mai shan magani don ciwo ba ya sa 'ya'yansa rantsuwa." Ya murza goshi. "Ki riƙe wannan ko da ba za ki sake yi min magana ba. In kika ga tana barci numfashinta yana ja a hankali, kin tashe ta ba ta tashi ba, ko leɓenta ya canza launi, kada ki kira ni, kada ki kira Yaya. Asibiti kai tsaye."

"In ta ce an fasa auren fa?"

Ya ɗaga kai sama. Fankar tana juyawa a kanmu.

"Sai in ci gaba da zama mai kemis ɗin bakin titi, in riƙa ganinki kina wucewa. Rabin raina, gara ki ji haushina uwarki tana raye."

"Magana tana maka sauƙi. Ba uwarka ba ce."

"Da na so ta zama."

Na gaji. Ban ma iya yin fushi yadda ya kamata ba. Na ce masa kada ya ƙara kirana a waya. Ya ce to, kuma bai kira ba.

Umma ta sa Yaya ya je ya gaya wa iyayen Dogo a dakata. Bai ba su dalili ba. Ni kuma na zauna a gida, na fara ganin abin da dā nake wucewa ta gefensa.

Kayan mutane sun taru a kwali, an yanka ba a haɗa ba. Wata mata ta yi ta zarya kan rigar 'yarta, kullum Umma ta ce min in ce ba ta nan. Daga ƙarshe matar ta karɓi yadinta a yanke, ta tafi ba sallama. A cikin gwangwanin zare na sami fankon kati, a cikin matashin kai na sami wani. In Umma ta kwanta da rana sai in tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙirjinta, ya tashi, ya sauka, in jira ya sake tashi. Wani lokacin jiran yakan yi tsawo.

In zan je kasuwa sai in bi ta ɗaya gefen titin. Duk da haka ina hango shi ta gilashi, dogo a bayan kanta, yana ƙoƙarin kada ya ɗago.

Abu ɗaya ne bai tsaya ba. Umma ta dakatar da auren da baki, amma hannunta bai dakatar da rigar ba. Duk lokacin da maganin ya kwantar mata da jiki, farin yadin take jawowa.

Wata safiya ta kira ni gwaji. Na sa rigar, ta zagaya ni da fil a baki, ta ce in cire, saura kalmasar ƙasa. Na zauna a kan teburin yanka ina jira. Ta sha maganinta ba da jimawa ba. Idonta rabi a rufe, ƙafarta na taka feda, hannunta na tura yadi kamar yadda ya saba tun kafin a haife ni.

Keken ya yi ƙara, ƙas. Allura ta karye. Ta yi tsaki, ta kwance guntun da ya rage a sama, ta sa sabuwa, ta zura zare, ta ci gaba.

Sai na ga ja yana bin kalmasar. Ɗigo, ɗigo, sannan layi.

Ita ma ta gani. Ta tsayar da keken, ta ɗago yadin kusa da fuska.

"Wa ya taɓa min riga? Auta, janbaki ne wannan? Sau nawa zan ce a wanke hannu a ɗakin nan?"

"Ba ni ba ce, Umma."

"To wa? Mu biyu ne."

"Dubi hannunki."

Guntun allurar ya shiga ta farcen manuniyarta ta hagu, tsininsa ya leƙo ta ƙasa. Jinin yana gangarowa har wuyan hannu. Ta tsaya tana kallon yatsan kamar na wata ne aka ajiye mata a cinya.

"Ban ji ba," ta ce.

Na yayyago ƙyalle na nufo ta. Ta ɗaga min ɗaya hannun, in tsaya. Ta laluba kwalin da ke gefenta, ta ciro wani yadi, ta rufe ido, ta murza shi tsakanin yatsu. Ta daɗe tana murzawa. Ta ajiye, ta ciro wani.

"Duk ɗaya nake ji," ta ce. "Kamar na sa safar hannu."

Ta buɗe ido ta dubi rigar. Jan ya riga ya shiga zaren.

"Ban taɓa ɓata wa kowa kaya ba. Sai naki."

"Riga ce kawai, Umma."

"Rufe min baki." Ba faɗa a muryar. "Kina tsammani ban gwada bari ba? Na zuba shi a masai da hannuna. Kafin rana ta yi sanyi ina kiran Yayanki ina kuka. Bayan nawa ma ban san ko yana ciwo ba, Auta. Abin da na sani, in babu shi, ba ni."

Na naɗe mata hannun da ƙyallen, a hankali, ina kauce wa allurar. Hannun nata ko motsi.

"Kira yaron nan," ta ce.

"Kin ce kada ya tako..."

"Na san abin da na ce. Ina zubar da jini, ke kina tuna min magana."

Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ce masa ya zo. Bai tambayi dalili ba. Na kira Yaya ma.

Dogo ya shigo da farar rigar aikinsa, da 'yar jakar auduga da bandeji. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ta kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ta miƙa masa hannun ba ta amsa ba. Ya kwance ƙyallena, ya duba, ya goge gefen, ya naɗe da nasa.

"Umma, wannan ba a nan za a cire shi ba. Ya ratsa farce. Sai asibiti, kuma za su yi miki allurar rigakafi."

"Shi ma sai da takarda?"

Ya sunkuyar da kai, na ga yana danne murmushi. "Yatsan ya isa takarda."

Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke riƙe da nata.

"Ka zo min da wancan?"

"A'a, Umma."

"Ko yau?"

"Ko yau."

"Taurin kai." Ta sauke numfashi. "Wurin da ake duba irina... yana da nisa da inda za su cire allurar?"

"Gini ɗaya ne. Hawa bene kawai."

"Ɗaure mutum suke yi?"

"A'a. Likita ne da kujera. Zai tambaye ki nawa kike sha, ki gaya masa gaskiya. Da ita zai san yadda zai rage miki."

"To a yi tafiya ɗaya. Ba ni da ƙarfin zuwa sau biyu."

Yaya ya shigo a kan wannan maganar, yana haki. Ya ga jinin, ya ga Dogo, ya ɗaure fuska.

"Umma, ki yi tunani. Mutane fa..."

"Mutane sun riga sun kwashe ɗinkinsu." Ta dafa tebur ta miƙe. "Babban ɗana. Duk abin da na ce ka kawo, ka kawo min, Allah ya yi maka albarka. Yau kawo mota."

Yaya ya juya. Ya fita. Muka ji ya tayar da mota.

A hanya ni da Umma muna baya, Dogo yana gaba kusa da Yaya, gwiwarsa ta tokare da gaban motar. Da muka tsaya a danja, Yaya ya miƙa hannu ya ja masa kujerar baya, bai dube shi ba.

Ba a warke a ranar ba, ba kuma a watan ba. Likitar, wata mace marar yawan magana, ta ce mana tun farko abin zai ja, kuma ya ja. Umma ta yi amai, ta yi rashin barci, ta zagi likitar, ta zagi Dogo har da kakanninsa da ba ta taɓa gani ba. Wata rana na sake samun kati a gwangwanin zare, sabo, wata tsohuwar mai kawo ɗinki ce ta sayo mata. Na ɗauke shi muka koma asibiti tare da Umma. Likitar ba ta yi mamaki ba, ta ce ana yin haka, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ta kuma tura ta wurin masu gasa ƙashi, don bayan ma ashe yana da nasa ciwon na gaskiya.

Mu uku muka kafa doka: duk abin da Umma ta roƙi ɗayanmu a ɓoye, kafin ya amsa sai sauran biyun sun ji. Umma ta ce mun haɗe mata kai. Anti ta ce ai Umman ce ta haɗa mu.

An ɗaga bikin. Mutane sun yi magana. Wasu suka ce ango ne ya gudu, wasu suka ce ni ce na raina shi don na yi karatu a waje, wasu kuma suka faɗi gaskiya. Iyayen Dogo sun ji. Mahaifiyarsa ta zo dubiya da lemo a leda, ta zauna suka yi hirar ciwon baya, ba ta ƙara komai a kai ba.

Dogo bai taɓa ce min ai na gaya miki ba. Ni ma ban ba shi haƙuri da baki ba. Na dai koma bi ta gefen titinsa, kujerar kuma tana nan inda take.

Da aka sake sa rana, Umma ta jawo rigar daga ƙasan akwati. Jinin bai fita ba, ya zama ruwan ƙasa. Na ce a sayi wani yadin. Ta ce ban san ɗinki ba. Ta yanke ƙasan gaba ɗaya, ta nemo wani farin, ta rufe ido ta murza, ta ture shi, ta nemo wani, ta ce wannan. Ta yi masa faffaɗan baki aka jona. In ba ka sani ba, sai ka ce haka aka tsara ta.

Ana saura kwanaki kaɗan ɗaurin aure ta kira ni gwajin ƙarshe. Ta yi ƙiba kaɗan. Har yanzu tana zuwa asibiti, har yanzu akwai ranakun da ba ta son magana da kowa. Farcen ya fito a karkace. Dogo ne ya kawo ni daga kasuwa, ya ce zai jira a waje, ba ya shiga ɗakin gwaji.

Na tsaya gaban tsagaggen madubin. Umma ta durƙusa a ƙafata da fil a baki tana daidaita ƙasan rigar.

"Miƙe sosai. Kin je har can ba a koya miki tsayuwa ba?"

"Lissafi aka koya min."

"Shi ya sa."

Ta soka fil ɗaya, ta soka na biyu. A na uku ta zabura.

"Wash!"

Ta fizge hannun daga jikin rigar tun kafin jinin ya fito, ta sa yatsan a baki. Fil ɗin da ke leɓenta suka zube ƙasa.

Na tsaya ina kallonta ta madubi.

"Ya yi zafi?" na tambaya.

Ta ciro yatsan ta duba. Ɗigo ɗaya ne, ƙarami. Ta daɗe tana kallonsa.

"Sosai," ta ce.

Ta tsince fil ɗinta ɗaya bayan ɗaya, ta duba ƙasan rigar, fari tas. Sannan ta ɗago ta gan ni.

"In kuka za ki yi, cire min riga tukuna. Kuma ki leƙa ki ce wa yaron nan ya shigo, ya daina tsayuwa a rana kamar falwaya. Ki ajiye masa kujera ƙarƙashin fanka."